Wasiƙar Landan ta zo a watan azumi: yadda muka yi da gurbin fiziks na ɗan yayata

Ranar 12 ga azumin 2025 ne, na dawo daga tarawi ina ƙoƙarin cire takalmi a bakin ƙofa sai ga kiran ɗan yayata daga Makka, muryarsa har rawa take, yace Kawu sun ɗauke ni. Nace su wa? Yace Landan. Kafin in zauna har ya turo min hoton wasiƙar a WhatsApp, shafi biyu ce da tambarin jami'a a sama, sun bashi gurbin mastas na shekara ɗaya a fiziks na nazari, wato irin wanda ba a shiga ɗakin gwaji, biro ne da takarda da allo kawai, kuma ƙarshen Satumba za a fara. Nayi hamdala na sa masa albarka, sai da na ajiye wayar na sha ruwa na sake karantawa a tsanake sannan idona ya sauka a shafi na biyu, inda aka rubuta kuɗin makaranta da ranar ƙarshe ta biyan kafin alƙalami. Maganar tallafi kuwa ko layi ɗaya babu.

Daga lokacin zuwa yanzu iyaye uku ne a nan Jidda suka tare ni da irin wannan maganar, shi yasa nace bari in rubuta yadda tamu ta kasance tun daga tushe. Mun yi da yaron ba zan ambaci sunansa ba, ita ma jami'ar na bar sunanta, babbar jami'a ce dai a cikin Landan kuma ba ta yi mana laifin komai ba.

Shi yaron a Makka aka haife shi, wajen Shari' Mansur, shekararsa 23 a lokacin. Babansa ya zo ƙasar nan ta Saudiyya a 1995 kuma tun lokacin aikin lantarki yake a kamfani ɗaya, uwarsa ita ce yayata da nake bi. Najeriya sau biyu ya taɓa zuwa a rayuwarsa, duk biki ne ya kai su, Hausarsa ma rabi ya'ani ce rabi khalas, amma koren fasfon Najeriya yake riƙewa kuma a ƙarƙashin igamar babansa, wato takardar izinin zama, yake zaune kamar sauran 'ya'yanmu da yawa. Digirinsa na farko a nan ya yi da minha dakhiliyya, wato gurbin da jami'o'in gwamnati ke warewa 'ya'yan mazauna waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ya fita da sakamako mai kyau sosai. Tun yana sanawiyya, wato sakandare, ya kamu da son abin, in ka je gidansu zaka tarar da farin allo a saman bene an ɗaure shi da igiya a jikin tankin ruwa don kar iska ta kayar, a nan yake raba dare. Abin da yake so shine ka'idar filin kwantum da ka'idar Einstein ta 1915 kan yadda nauyi ke lanƙwasa sarari da lokaci, da wurin da su biyun suke karo da juna, wato baƙin rami.

Washegari na hau jirgin ƙasa na Haramain na sauka Rusaifa don mu sha ruwa tare, na tarar labari ya riga ni. Alhaji, baban yaron, ya faɗa a masallaci, maƙwabta suna ta shigowa barka, wani ma ya aiko da siriya, wato tsire, leda guda, ita kuma Yaya sai share hawaye take da bakin mayafi. A irin wannan yanayin wa zai buɗe baki yace a tsaya a yi lissafi? Nayi shiru har aka watse. Can Alhaji ya kalli ɗansa yace to in ka gama me za a kira ka, injiniya ko me? Yaron yace a'a Baba, daga nan sai dokta. Alhaji ya washe baki yace likita kenan, yaron yace ba na asibiti ba. Alhaji yace to koma dai na ina ne Allah Ya sa albarka. Wannan tambayar tasa da muka yi wa dariya, daga baya na gane duk cikinmu shi ya fi kusa da gaɓar maganar.

Bayan sahur na jawo takarda. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, abin da na iya kenan. Kuɗin makaranta a wasiƙar ya haura fam dubu 30 da 'yan kai, na rubuta 30,000 cif don kar ace na tsananta. Ofishin biza na Ingila a lokacin yana so ɗalibin da zai zauna Landan ya nuna fam 1,483 na kowane wata har wata tara, ya kama 13,347, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba, ba wai a ranto yau a nuna gobe a mayar ba. Ita bizar fam 524 daga Afrilun 2025, harajin lafiya fam 776 a shekara, ga tikiti, ga kayan sanyi ga yaron da sanyin da ya sani a duniya shine na Ɗa'ifa. Sannan wata taran nan sharaɗin biza ne kawai, kwas ɗin wata goma sha biyu ne, mai gidan haya bai san wata tara ba. Ko da na matse lissafin iya matsewa ya wuce fam dubu 45, fam ɗaya kuma wajen riyal biyar yake, ya zama riyal dubu 225 zuwa sama. Albashin Alhaji riyal 5,500 ne. Albashinsa na kusan shekara uku da rabi kenan, in ba a ci ba ba a sha ba ba a biya haya ba.

Alhaji bai girgiza ba, yace ai akwai haƙƙinsa na ƙarshen aiki. Muka lissafa shi a kan dokar ƙwadago ta ƙasar nan, rabin albashi na kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashi a kowace shekara bayan nan, shekara 30 ta bada wajen riyal dubu 151. Bai kai ba, kuma ko ya kai sai ya ajiye aikin za a bashi, in ya ajiye aikin kuma igamar mutum biyar ce ta tashi. Yace to filinsa na Kano, nace Alhaji a sayar da naira a sayi fam, ka san abin da zai rage kuwa? Bashin banki ko na kamfanonin nan masu ba ɗalibai rance shi da kansa ya kashe maganar, yace mutumin da ke sallah a Harami ba zai tura ɗansa karatu da kuɗin ruwa ba, ban ja da shi ba.

Muna cikin haka Yaya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin alawa, ta buɗe ta zaro hankici a ƙulle ta kwance shi a kan tabarma. Awarwaro huɗu ne da sarƙa da 'yan kunne, na gane biyu daga ciki, na mahaifiyarmu ne da aka raba mana gado. Sauran da kuɗin waina da fura da take yi wa alhazai ta tara su shekara da shekaru. Bata ce komai ba ta tura su gaban takardata kamar ni ne mai awo. Yaron ya tashi ya hau sama, ni kuma na kasa ɗaga kai. Wallahi a daren nan saura kaɗan in yaga takardar ince a rufe ido a tura shi, abin da zai faru ya faru.

Kuma ba son zuciya ne kawai ke jan yaron ba, dole in yi masa adalci, Landan a wannan fannin ba wasa bace. A King's College Maxwell ya koyar daga 1860 zuwa 1865, a shekarun da ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske cikin lissafi ɗaya. A Imperial Abdus Salam ya zama farfesa a 1957, a can yake lokacin da ya samu Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg, a can ne kuma Tom Kibble yake lokacin da shi da Guralnik da Hagen suka fitar da takardarsu ta 1964 kan abin da aka zo aka tabbatar a cibiyar binciken CERN ta Turai a 2012 da sunan ƙwayar Higgs. Michael Green yana Queen Mary lokacin da shi da John Schwarz suka yi aikin 1984 da ya tayar da ka'idar tsirkiya daga barci. Duk yaron ya haddace waɗannan kamar karatun allo, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, yace Kawu wannan fannin ba injin ake nema ba mutane ake nema, a Landan zaka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga wannan jami'a zuwa waccan ka saurari lakca uku a mako daga bakin waɗanda nake karanta takardunsu a shafin bincike na arXiv, kuma in ɗayansu ya rubuta maka takardar shaida ƙofa ta buɗe. Gaskiya ya faɗa. Ga masallatai, ga abincin halal ko'ina, ga 'yan Najeriya cike a Peckham, ba zai rasa wanda zai ce masa sannu ba.

Ni kuma ina da nawa tabon da ya sa ban yarda da kaina ba. Shekarun baya bayan na gama a Zariya na taɓa samun gurbin ƙaro karatu a waje, rashin kuɗi ya hana, har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. To sai na riƙa tambayar kaina, lissafi nake wa yaron nan ko dai so nake ya zauna inda na zauna? Shi yasa nace ba zan yanke da bakina ba, a nemi wanda ya bi hanyar.

Ta hannun wani abokin aikina ɗan Sudan muka samu wani matashi Bahaushen Gadarif, ya yi digiri a Khartoum kafin yaƙi, ya wuce AIMS, cibiyar koyar da lissafi ta Afirka, yanzu yana dokta a Turai. Mun yi awa ɗaya da rabi da shi a bidiyo, kuma shi ya nuna mana abin da babu a wasiƙar. Yace a wannan fannin mastas ba wurin sauka bane, tikitin shiga layin dokta ne kawai, dokta shekara uku zuwa huɗu, bayanta kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku, a gama a sake neman wani a wata ƙasar, sau biyu ko uku, sannan a fara fatan kujerar dindindin wadda masu nemanta sun ninka kujerun nesa ba kusa ba, da yawa a hanya suke sauka su koma banki ko kamfanin manhaja, kuma suna samun kuɗi ba laifi, amma ba shine abin da ya fito da su daga gida ba. Wato amsar tambayar Alhaji ta me za a kira ka, sai bayan shekara goma ake saninta. Sannan ya kawo maganar lokaci wadda ni ko a mafarki ban hango ta ba. A Ingila ana rufe neman guraben dokta masu tallafi wajen Disamba zuwa Janairu, kai kuma ƙarshen Satumba ka iso, kenan wata uku kacal kake da shi ka burge malamin da zai rubuta maka shaida, ba ka ma zauna jarrabawa ba. Guraben da gwamnatinsu ke biya kuma, kason 'yan waje baya wuce kashi 30 cikin 100, kuma da waɗanda suka fito daga Kambrij da Oksfod zaka yi takara. Wanda ya iso da shirinsa zai iya, wanda ya zo yana cike giɓi kuwa kafin ya gane inda ya sa gaba an rufe.

Na tambaye shi maganar aiki, tunda yaron ya dage cewa bizar ɗalibi ta yarda da awa 20 a mako. Mafi ƙarancin lada a can daga Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, awa 20 ya kama fam 244 a mako, kusan kuɗin ɗaki kenan a Landan in an yi sa'a. Bagadarifen yayi dariya yace awa ashirin ɗin nan su ne dai awannin da zai zauna ya warware tambayoyin mako, in ya kai su shagon shawarma to ya biya fam dubu talatin ne don ya yanka nama.

Sai nace to mu gwada shirin nasa mu gani. Akwai darussan David Tong na Kambrij kan ka'idar filin kwantum, kyauta suke a intanet, irin abin da za a fara da shi kenan a zangon farko. Na ce masa ka ɗauki sati biyu, ka karanta ka warware tambayoyin farko ba tare da leƙa amsa ba. Kwana biyu kafin Sallah ya zo Jidda da littafinsa, muka zauna a falo na, fanka tana kaɗa shafukan. Kashin farko ya yi shi tsaf har da gyara min inda na karanta alama ba daidai ba, ni dama a shafi na goma na sauka. Amma da aka shiga inda ake buƙatar gurup tiyori da lissafin tensa, wasu rassa biyu na babban lissafi, sai rubutun ya fara ƙanƙancewa, shafi uku duk an soke da jan biro, a gefe ya rubuta da Larabci wai daga ina wannan ya fito. A digirinsu sun yi kwantum zango biyu sun yi lantarki, amma waɗannan biyun ba a koya musu ba, lissafin Lagiranj ma shafa aka yi aka wuce. Ba rashin ƙwaƙwalwa bane, kowa ya ga littafin ya san yaro ne mai kai, abin da ba a baka ba ne kawai babu shi. Ya daɗe yana kallon shafin sannan yace Kawu wata shida nake buƙata. Nace su kuma wata uku za su baka.

Sai maganar da ta fi kowacce ci min rai, wadda ɗan Kano ko ɗan Zinder da ya samu irin wannan gurbin bashi da ita, wato igama. In zai tafi da khuruj wa auda zai fita, wato bizar fita da dawowa, a riƙa sabunta masa ta manhajar gwamnati ta Absher ana biya, kuma riyal 400 na kowane wata da ake biya wa duk wanda ke ƙarƙashin mai gida tun 2020 ba zai tsaya don yana Landan ba. Ga shekaru suna tafiya, ɗa namiji in ya kai 25 dole ya fita daga ƙarƙashin babansa ya samu nasa kafilin, wato wanda zai ɗauki nauyin zamansa. To a ce ya gama mastas bai samu dokta ba, ya zauna da bizar bayan karatu wadda a lokacin shekara biyu ce, gwamnatinsu ma a watan Mayun 2025 ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18, ya gama wannan ya waiwayo, ina zai koma? Garin da aka haife shi sai dai ya shigo da bizar umra ya gaida uwarsa ya fita, ga zinari an sayar, ga fili babu.

Tallafi kuma duk inda muka ƙwanƙwasa sai mu tarar yaron ya zama jemage, baya cikin tsuntsaye baya cikin dabbobi. Ibti'asin da Sarki Abdallah ya buɗe a 2005, wato tallafin tura ɗalibai karatu waje, wanda abokan ajinsa ke tafiya da shi, na 'yan ƙasa ne. Na Commonwealth yana so ka kasance mazaunin ƙasar taka na dindindin, shi kuma ko unguwar kakansa a Kano sai an raka shi. Chevening na gwamnatin Ingila sai kana da shekara biyu na aiki. Na gwamnatin Najeriya da muka duba suna tambayar takardar bautar ƙasa. A nan yaron ya jefar da fasfon a kan kujera yace wannan koren littafin bai taɓa yi masa rana ba.

Bagadarifen ne ya sake fitar da mu, ya turo saƙon murya yace ku tsaya, akwai wurin da wannan fasfon shine mabuɗi. Shi Abdus Salam ɗin da yaron ke so ya taka sawunsa a Landan, ai ya koma Lahor ta ƙasarsu Pakistan a 1951 ya koyar, rashin abokin tattaunawa ya kore shi ya dawo Ingila a 1954, kuma wannan ciwon ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Tiriyasta ta Italiya a 1964 don irin yaranmu. Suna da difloma ta shekara ɗaya wadda aka tsara musamman don cike irin giɓin da muka gani a littafin nan a kuma shirya ɗalibi shiga dokta, su ke biyan tikiti su bada kuɗin zama, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma 'yan ƙasashe masu tasowa ake ɗauka. Ga AIMS da Neil Turok ya kafa a 2003 a gefen Kef Tawun, yanzu tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, ita kuma 'yan Afirka take nema, ci da kwana da karatu duk a kanta. Ga na cibiyar Perimeter a Kanada shi ma mastas ne mai cikakken tallafi, sai dai shigarsa da wuya sosai. Ko Jamus, mafi yawan jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, shekara biyu ce ba ɗaya ba don haka akwai lokacin numfashi, abin da ake so a lokacin shine Yuro 11,904 a rufaffen asusu na shekara, kwatanta da fam dubu 45. A nan gida ma ga jami'ar KAUST a Suwal, tafiyar awa ɗaya daga Jidda, duk wanda suka ɗauka suna biya masa komai kuma maganar zama ta warware, illa dai su sun karkata ga kimiyyar da ake aiki da ita, ba baƙin rami ba, yaron ya yatsina fuska amma na sa shi ya rubuta ta a jerin.

Abin da na lura da shi kuma na faɗa masa, Tiriyasta garin mutum dubu 200 ne ko ƙasa da haka, cibiyar ma a bayan gari take a bakin teku. Gotinjen da Born da Heisenberg da Jordan suka ɗora harsashin kwantum a 1925 ƙaramin garin jami'a ne, Firinston da Einstein ya zauna daga 1933 har ya rasu a 1955 haka. Shi da bakinsa yace mutane ake nema, to mutanen ba sai a birni mai miliyan tara suke taruwa ba. Ina ga rabin abin da ke jansa sunan Landan ne, kuma ban ga laifinsa ba, yaron da ya tashi ana tambayarsa igama a kowane shingen hanya dole ya so wasiƙar da za ta sa a kalle shi da daraja.

Matsalar ita ce an rufe neman na Tiriyasta tun ƙarshen Fabrairu, sati biyu kafin wasiƙar Landan ta iso, bai ma san da shi ba. Kenan in ya ƙi wannan shekara guda zai zauna, ba tabbas kuma za a ɗauke shi. Tsuntsu a hannu ne zai saki, ban ɓoye masa haka ba.

Bayan Sallah ya rubuta wa jami'ar yana tambaya ko akwai ragi ko a ɗage masa zuwa baɗi. Suka amsa cikin mutunci cewa sashen bashi da tallafin mastas da zai bashi, amma ƙofa a buɗe take ya sake nema. Kwana uku kafin wa'adin kafin alƙalami muka sake zama. Alhaji yace shi dai a biya, Allah da Ya kawo gurbin zai kawo kuɗin, kuma da wane ido zai kalli mutanen masallaci. Nace Alhaji hangen Dala ba shiga birni ba ne, wannan takardar izini ce ta mu biya, ba kyauta aka bamu ba. Ransa ya ɓaci, yace kai da baka haifi namiji ba me ka sani, Yaya tace haba Alhaji, na haɗiye. Yaron ne ya raba mu, ya yi istihara kwana uku bai faɗa wa kowa ba, yace Baba ko an biya ban shirya ba, na gwada na gani, kuma ba zan iya zama a aji ina tuna awarwaron Umma ba. A gabanmu ya buɗe kwamfuta ya danna inda ake cewa ba a karɓa ba. Yaya ta ƙulle hankicinta ta mayar gwangwani.

Ban ce mun yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Da a ce yaron ɗan ƙasa ne mai ibti'asi, ko babansa na da abin da in ya ɓata ba za a ji a tukunya ba, ko da a ce ya warware tambayoyin nan tas a sati biyu, da ni zan fara kai shi filin jirgi. Kuma zai iya yiwuwa duk wuraren nan su ƙi shi, in ya zama haka ni za a kalla, na sani.

Alhaji bai ɗaga wayata ba har aikin hajji, sai ranar Arfa da daddare ya turo min barka da Sallah ba ƙari. Yaron ya yi tafinta wa alhazan Najeriya a Mina ya samu 'yan kuɗi, ya biya jarrabawar Ingilishi da su, yanzu yana koyar da yara uku fiziks a gida da yamma, da dare kuma ya hau sama. Ya gama darussan Tong ɗin a watan Oktoba, ya shiga na ka'idar Einstein, Bagadarifen na duba masa aiki duk Juma'a. Takardun Tiriyasta da AIMS da Kanada da KAUST da jami'o'i biyu a Jamus duk ya haɗa, malamansa biyu sun yarda za su rubuta shaida, a watan Yulin 2026 zai cika 25.

Satin da ya wuce na je Makka na tarar an canza allon saman bene, an sa wani ya ninka tsohon girma, an kafe shi da ƙusa a bango an ja masa waya da ƙwan fitila a sama, aikin mai lantarki ne ko ba a faɗa ba. Wasiƙar Landan kuma tana nan Alhaji ya sa an yi mata leda, tana cikin jakar da yake ajiye igamomi. Muna shan shayi bai kalle ni ba ya juya wajen ɗansa yace wannan garin na Italiya da kake ta faɗa, Tiri me ma, akwai masallacin Juma'a kuwa? Yaron ya jawo wayarsa ya matso kusa da shi.